Damargu: kafin sabon iri ya kai tukunya, ta hannun wa yake bi?

Duk shekara idan watan Mayu ya kama, zancen iri ne ke cika bakin manoma a gundumomin Tanut da Belbeji da ke arewacin jihar Damagaram. Wani ya rataye nasa a rumbu tun kaka. Wani yunwar bazara ta sa ya cinye nasa, sai ya nufi kasuwar Bakin Birji ko ta Tanut ya auno tiya biyu ko uku. Wani kuma ya zuba ido ga rabon gwamnati ko na wata ƙungiyar agaji. A can nesa kuwa cibiyoyin bincike na Sadore da Maraɗi na ci gaba da fitar da sababbin nau'o'in hatsi da wake, yayin da a Zariya aka kai ga fitar da waken da aka sauya wa ƙwayar halitta. Masana zamantakewar al'umma da suka daɗe suna bibiyar harkar cimaka a Nijar sun fi damuwa da tambaya guda: tsakanin ɗakin bincike da tukunyar uwargida, su wa ke riƙe da irin, kuma wa ke da ta cewa a kansa?

Rumbun Abzin da ruwa ya yi wa ƙaranci

Ƙasar Damargu ta yi suna ne da hatsi, wato gero. Lokacin da Bajamushen nan mai yawon bincike Heinrich Barth ya ratsa ta a watan Janairun 1851, ya bayyana ta a matsayin rumbun da mutanen Abzin ke ci daga gare shi. Ayarin raƙuman Buzaye na saukowa su sayi hatsi, su hau da shi tsaunukan Ayar, su kai wani Bilma su musanya da gishiri da dabino. Dagirawa da Hausawa da Buzaye da Fulani sun zauna tare a kan wannan ciniki.

Yau gundumar Tanut na da ƙananan hukumomi 5: Tanut, Gangara, Olelewa, Falanko da Tenhiya. Belbeji, wadda aka cire daga Tanut ta zama gunduma a 2011, tana da ƙaramar hukumar Tarka. Ƙidayar 2012 ta nuna mutane sama da 400,000 a Tanut, da kusan 100,000 a Belbeji. Ruwan saman da ke sauka a yawancin yankin yana tsakanin milimita 200 zuwa 300 ne a shekara, kuma cikin wata biyu zuwa uku yake zuba. Nan ne bakin iyakar noman damana: dokar ranar 26 ga Mayun 1961 ta shata layin da aka hana noma a arewacinsa domin a bar wa makiyaya, ko da yake gonaki sun daɗe da tsallake shi.

A irin wannan wuri, bambancin kwana 10 a lokacin nunar hatsi na iya raba mai cika rumbu da mai tashi da kara kawai. Shi ya sa manomin Damargu ba ya ɗaukar zancen iri da wasa.

Me ake nufi da fasahar sarrafa halittu?

Sau da yawa ana cuɗanya abubuwa huɗu a ƙarƙashin suna guda, alhali kowanne da yadda yake.

Na farko shi ne zaɓen da manomi ke yi da hannunsa. Idan an yi girbi yakan ware zangarniyar da ta fi cika, ta riga saura nuna, ya ajiye ta domin baɗi. Da haka Damargu ta samu nata hatsin, Ankutes, mai gajeriyar zangarniya mai kauri, wanda ke nuna da wuri. Cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, INRAN, wadda aka kafa a 1975, ta tace shi ta fitar da nau'in da aka inganta. Wani bincike da masana na cibiyar IRD ta Faransa da takwarorinsu na Nijar suka wallafa a 2011 ya kwatanta hatsin da aka tattara a garuruwa 79 na ƙasar a 1976 da wanda aka sake tattarawa a garuruwan a 2003. Sun gano cewa bayan shekarun fari, hatsin manoma ya koma fitar da kai da wuri, zangarniyarsa ta ɗan gajarta, ba tare da an yi asarar yawan nau'o'i ba. Ke nan manoma da yanayi sun gyara irin da kansu, babu wani shiri da ya biya su.

Na biyu shi ne auratayyar iri a tashar bincike, inda ake haɗa nau'i biyu ko fiye a zaɓi ƴaƴan da suka fi. A tashar bincike aka samu HKP, wanda ya fi kowane yawa cikin irin hatsi mai takardar shaida a Nijar. Ta haka ne kuma cibiyar ICRISAT ta Sadore, tare da INRAN, ta fitar da Chakti a 2018. A cewar ICRISAT, sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da ke cikinsa ya kai kusan miligiram 65 a kowane kilo, alhali nau'o'in da aka saba shukawa na da kimanin 47. Ba a sa masa ƙwayar halittar wata halitta dabam ba.

Na uku shi ne amfani da wata halitta a yaƙi wata. Tun 2006 masu binciken INRAN a Maraɗi ke kiwon wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai kama da zanzaro, Habrobracon hebetor, wanda ke kashe tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi. Ana sa shi cikin ƙananan buhunan algarara tare da abincinsa, a rataye a gari, ya hayayyafa ya bazu cikin gonaki.

Na huɗu shi ne wanda ake ta muhawara a kai, wanda a Nijar ake kira OGM, a Najeriya kuma GMO. A nan ana ɗauko ƙwayar gado daga wata halitta, misali wata bakteriyar ƙasa, a dasa ta cikin tsiro domin ya samu halin da ba shi da shi.

Duka huɗun na da abu guda da ya haɗa su: babu wanda ke isa gona da ƙafarsa. Sai an samu mai ninka irin, mai tantance shi, mai dakonsa, mai ajiye shi, mai raba shi ko sayar da shi. A nan ne aikin masanin zamantakewa ke farawa.

Abin da aka gani a Olelewa

A 2001 aka kafa cibiyar LASDEL a Yamai, wadda ke nazarin yadda hukumomi da ƙungiyoyi ke gudanar da ayyukansu a zahiri. Cikin waɗanda suka kafa ta akwai Jean-Pierre Olivier de Sardan, masanin da ya shafe fiye da shekara 50 yana bincike a Nijar. Hanyar aikinsu ita ce a zauna cikin gari makonni, a saurari mai gari da matan gida da malamin gona da ɗan kasuwa, a kwatanta abin da takardar shiri ta ce da abin da ido ya gani.

Ƙaramar hukumar Olelewa na cikin wuraren da suka yi wannan aiki har sau biyu. Karo na farko ya biyo bayan matsalar cimaka ta 2005, wadda ta zo bayan ƙarancin ruwa da farin dango na damanar 2004. A shekarar, buhun hatsi mai kilo 100 ya kai jika 30 a wasu kasuwanni. Binciken ya nuna cewa tsadar hatsi da rashin kuɗin saye ne suka fi gallabar mutane, kuma kuɗin da ƴan ci-rani ke aikowa, da sayar da dabbobi, da ƙwadago, sun riƙe iyalai tun kafin rabon kyauta ya iso.

Karo na biyu ya shafi rabon kuɗi ga mabuƙata, wanda ƙungiyoyin agaji suka yawaita yi bayan 2005. A ƙa'idar masu ba da kuɗin, ana kasa magidanta kashi huɗu, daga mafi talauci zuwa mai hali, a bai wa na ƙasa kawai, kuma a damƙa kuɗin a hannun mata. Masu binciken LASDEL, ciki har da Nana Issaley da ta yi aikin Olelewa, sun tarar da wani abu dabam. A garuruwa da dama mutane na ganin taimakon a matsayin rabon gari duka, don haka bayan baƙi sun tafi akan sake tara wani ɓangare a raba. Mata da yawa na miƙa kuɗin ga mazajensu, tunda a al'ada ciyarwa na wuyan maigida ne. Wanda sunansa bai fito ba kuma yakan zargi mai gari ko ƴan kwamiti da son kai, ko da babu hujja. A maƙalar da suka wallafa a 2014 sun kira lamarin babbar rashin fahimta tsakanin masu bayarwa da masu karɓa.

Olivier de Sardan ya kira irin waɗannan shirye-shirye tsare-tsare masu yawo: an gwada su a wata ƙasa sun yi aiki, sai a ɗauko su yadda suke a sauke a wata. A littafinsa na 2021 ya bayyana yadda wurin da aka sauke su ke juya su zuwa abin da masu tsarawar ba su zata ba, saboda kowane gari da kowane ofis na da ƙa'idojin da ake bi a aikace, waɗanda ba a rubuce suke ba. Abin da ya faru da kuɗi na iya faruwa da iri. Buhun da aka rubuta wa magidanta 20 zai iya ƙarewa a hannun 60, kowa da ɗan abin da bai isa kadada guda ba. Idan kuma ya iso bayan an gama shuka, tukunya zai shiga.

Akwai masu nazarin ɗaya ƙarshen igiyar. Rachel Schurman, masaniyar zamantakewa a jami'ar Minnesota ta Amurka, ta yi nazarin kamfanonin OGM da ƙungiyoyin da ke adawa da su, daga baya kuma ta duba yadda ma'aikatan gidauniyar Gates ke tsara tallafin noma ga Afirka. Ta nuna cewa al'adar aikin ofis, wato son abin da za a iya ƙirgawa a kuma faɗaɗa shi da sauri, na tasiri a kan irin fasahar da ake zuba wa kuɗi. Abin da ke da sauƙin ƙirgawa shi ne tan nawa na iri aka raba. Ko an shuka shi, ko an sake shuka shi baɗi, wannan sai wanda ya koma garin zai sani.

Daga rumbun tilas zuwa bankin cimaka

Manomin Damargu bai fara ganin ƙungiyar da aka kafa masa daga sama yau ba. Bayan yunwar 1931 Turawan mulkin mallaka sun tilasta wa talakawa zuba hatsi a rumbunan ajiya da ke ƙarƙashin sarakuna da hukuma. Mutane sun ɗauke shi tamkar wani haraji. Bayan samun ƴancin kai aka kafa UNCC a 1962 domin haɗa manoma cikin ƙungiyoyin gama kai, aka kafa OPVN a 1970 domin saye da ajiyar cimaka. Sai a 1996 doka ta bai wa manoma damar kafa ƙungiyoyinsu bisa raɗin kansu. Daga nan ƙungiyoyi suka yawaita, wasu na gaske, wasu kuma an kafa su ne domin wani shiri ya ce ba ya aiki sai da ƙungiya. Irin waɗannan na biyun, ranar da motar shirin ta daina zuwa ranar suke mutuwa.

Bankin cimaka misali ne da kowa ya sani. Tsarin mai sauƙi ne: a sayi hatsi da kaka yana araha, a ajiye, a sayar wa ƴan gari da damana ƙasa da farashin kasuwa, a sake saye da kuɗin. Amma da yawa sun durƙushe. Ma'aji ba ya iya hana ɗan uwansa bashi a shekarar yunwa. Idan aka yi rabon kyauta ko sayarwa da rangwame a garin, hatsin bankin ya rasa mai saye. Idan kuma damana biyu suka ɓaci a jere, kuɗin da aka tara ba ya sayen rabin abin da aka fitar. Jinginar da amfanin gona, wato warantaj, wanda wani shirin FAO ya yaɗa a Nijar daga 1999, ya yi ƙoƙarin toshe wannan ɓaraka da makulli biyu, ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun da ya ba da bashi. Sai dai shi ma yana buƙatar rarar amfanin gona da asusun bashi a kusa, abubuwan da ba kullum ake samu a arewacin Tanut ko a Tarka ba.

Akwai kuma inda ƙungiya ta yi ƙarfi har ta zama abokiyar masu bincike. A jihar Maraɗi, tarayyar manoma ta FUMA Gaskiya na gwada nau'o'in hatsi a gonakin mambobinta, maza da mata su faɗi wanda suka zaɓa, sannan ta ninka irin ta sayar a ƙananan ƙunshi. Bambancin shi ne ƙungiyar na nan kafin shiri ya zo, tana nan bayan ya tafi.

Doguwar tafiyar tiya guda

Iri mai takardar shaida na bin matakai. Cibiyar bincike ce ke riƙe da tushensa. Daga nan a ninka shi a gonakin iri na gwamnati, ko na kamfanoni irin su Amate a Maraɗi da Alheri a Dogon Dutsi, ko na ƙungiyoyin manoma. Jami'an ma'aikatar noma su duba gonar, su gwada tsirowarsa, su manna masa takarda. Dokar iri ta watan Nuwamban 2014 ce ta tsara wannan aiki. Yawancin ninkawar a kudu ake yi, inda ruwa ya fi, kuma manyan masu saye su ne gwamnati da ƙungiyoyin agaji. Saboda haka kamfani ya fi noma abin da waɗannan ke oda da yawa. Nau'in da ya dace da yanki ƙarami mai ƙarancin ruwa kamar Damargu ba shi da babbar kasuwa, sai ya zama da wuyar samu ko da yana cikin kundin iri na ƙasa.

Halin tsiron kansa ma na da tasiri. Hatsi na barbara ne ta iska, garin furen gonar maƙwabci na shiga taka. Bayan damana uku ko makamancin haka, irin da aka inganta ya gauraye da na gari, sai an sabunta shi. Malaman gona na ba da shawarar kilo 10 a hekta, wato tiya 4. Amma a Damargu ana iya shuka sau biyu ko uku a damana guda idan ruwan farko ya yaudari mutane, ko iska ta binne tsiron da rairayi. Wanda ya sayi iri mai tsada ya yi binne da shi, ruwa bai zo ba, ya yi asara biyu.

Saurin nuna ma na da nasa haɗarin. Idan mutum ɗaya ne ya shuka nau'in da ke riga saura nuna, gonarsa ce za ta zama wurin taron tsuntsaye. Sai maƙwabta sun haɗa baki sun shuka tare a yanki guda asarar ke raguwa. Haka batun ƙwaron da ke kashe tsutsar zangarniya yake: idan an sake shi ba ya tsayawa a gonar wanda ya biya, duk gari ke amfana. To wa zai biya? Idan babu ƙungiya ko ƙaramar hukumar da za ta tara kuɗin, kowa sai ya jira wani.

Hukunci na ƙarshe kuma a tsakar gida ake yanke shi. Mata ne ke sussuka da surfe da daka. Su suka san hatsin da ke ba da gari da yawa da wanda dusa ta fi yawa, wanda furarsa ke kwana ba ta lalace ba, da wanda tuwonsa ke da launin da yara ke so. Makiyayi da mai awaki kuma na duba karan. Nau'in da ya ci jarrabawar awo a tashar bincike na iya faɗuwa a turmi. Ga shi kuma da rani maza da yawa na tafiya ci-rani Agadas ko Libiya ko Najeriya, amma sunayensu ne ke cikin rajistar ƙungiya.

Waken Zariya da audugar Burkina

Nijar ba ta cikin ƙasashen Afirka da ke noma OGM a gonakin manoma. Ta amince da yarjejeniyar Cartagena kan kariya daga haɗarin fasahar halittu a 2004, ta kuma kafa dokarta a watan Oktoban 2019. Amma abin da ke faruwa a maƙwabta ya shafe ta kai tsaye.

A watan Disamban 2019 Najeriya ta amince a fara sayar da waken SAMPEA 20-T, wanda cibiyar IAR ta jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta fitar tare da gidauniyar AATF da cibiyar CSIRO ta Ostireliya. An dasa masa ƙwayar gado daga bakteriyar Bt, wadda ke kashe tsutsar Maruca mai cin fure da kwanson wake. Masu shi sun ce yana rage feshin magani daga sau 6 ko 8 zuwa sau 2 a damana. Ghana ta fitar da nata a 2024. A Najeriya kanta muhawara ba ta ƙare ba: a 2024 majalisar wakilai ta nemi a dakatar da shigo da sababbin OGM har sai an yi bincike.

Nijar ce ta biyu a duniya wajen noman wake bayan Najeriya, kuma yawancin wanda take fitarwa can yake zuwa, musamman kasuwar Dawanau ta Kano. Hanyar da wake ke bi ya sauka kudu, ita iri ke bi ya hau arewa a aljihun ɗan ci-rani. Wake kuma, saɓanin hatsi, kansa yake yi wa barbara, don haka wanda ya ajiye shi zai sake samun kusan irinsa baɗi. Da ido ba a bambanta shi da sauran wake. Aiwatar da dokar 2019 na buƙatar kayan gwaji da jami'ai a kan iyaka da kasuwanni, da kuma bayani da Hausa da Tamajak da Fulatanci domin manomi ya san abin da yake shukawa. Ya kamata kuma a san cewa tsutsar Maruca ta fi ɓarna a wurare masu laima, kuma ƙwayar Bt ɗin ba ta kare wake daga ƙwarin da ke huda shi a ma'aji. Wannan aikin buhu mai ninki uku ne, PICS, wanda jami'ar Purdue da INRAN suka yaɗa daga 2007.

Burkina Faso ta ba da darasi kan wanda ke yanke hukunci. Ta fara noman audugar Bt ta kamfanin Monsanto a 2008, har ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na gonakin auduga. Manoma da yawa sun so ta saboda ta rage musu wahalar feshi. Amma zarenta ya fi gajarta, darajar audugar ƙasar ta faɗi a kasuwar duniya, kamfanonin auduga irin su SOFITEX suka nemi diyyar kusan biliyan 48 na sefa, suka daina ba da irin a 2016. Da shigowarta da fitarta, kamfanonin da ke ba da iri bashi su kuma sayi audugar ne suka yanke shawara. Manomi ya karɓi abin da aka kawo masa.

Anza da aduwa: wata hanyar daga Tanut

A Damargu kanta an gwada wata hanya dabam. Ƙungiyar Eden, wadda wasu ƴan ƙasashen Suwidin da Norwe suka kafa, ta buɗe tashar gwaji a Dalli kusa da Tanut a 1987. Aikinta shi ne binciken itatuwa da tsirran daji masu ba da abinci, waɗanda ke rayuwa babu ban ruwa babu takin zamani. Manomi ne ke zaɓen nau'in da yake so, a ba shi ƙwayar kyauta, ya shuka kai tsaye a gonarsa. Ba a biyan kowa kuɗi ko abinci domin ya shuka. A cewar ƙungiyar, dubban magidanta a garuruwa sama da 100 sun shiga. Hikimar rashin biya ita ce, wanda ya shuka don yana so shi zai kare tsiron daga awaki.

Cikin itatuwan akwai anza, wadda ake jiƙa ƴaƴanta kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita, da aduwa, da magarya, da danya, da jiga. A 2005 wasu kafofin yaɗa labaran waje sun nuna cin anza da ganyaye a matsayin alamar cewa mutane sun kai maƙura. Mutanen Eden sun musanta wannan fassara, suna cewa abincin gado ne, muhawarar da ta kai ga wani shirin talabijin a Norwe a 2008. A 2014 Josef Garvi, wanda ya tashi cikin aikin Eden, ya kafa kamfanin Sahara Sahel Foods a birnin Damagaram, mai sayen ƴaƴan itatuwa daga mata masu tsinta yana sarrafa su zuwa gari da mai da abin sha. Abin da ya sauya a nan shi ne an samu mai saye, da suna, da ƙunshi mai tsabta, har abincin da ake jin kunyar a ga mutum da shi ya hau kantar shago. Wannan hanya ma da iyakarta: itace na ɗaukar shekaru kafin ya ba da ƴaƴa, kuma wanda ke noma gonar aro ba ya shuka itace.

Tambayoyin da suka kamata kafin a sauke buhu

Daga abin da aka gani a Olelewa da Dalli da Maraɗi da Burkina, akwai tambayoyin da shugabannin ƙungiyoyin manoma da hukumomin Tanut da Tarka za su iya yi wa duk wanda ya zo da sabon iri. An gwada shi a ƙasar da ruwanta bai wuce milimita 300 ba, kuma damana nawa? Mata sun daka shi sun dafa kafin a yanke hukunci? Idan an ajiye shi zai yi baɗi, ko sai an sake saye, a ina, kuma nawa ne tiya? Wa zai ninka shi a nan kusa idan shirin ya ƙare? Ta wace hanya aka samar da shi, kuma hukuma ta ba da izininsa? Idan damana ta ɓaci, wa zai ɗauki asarar?

Akwai kuma tambayar da ta shafi abin da ke hannu tun da. Duk shekarar da aka yi fari, wasu gidaje na cinye irinsu na gado, su maye gurbinsa da duk abin da kasuwa ko rabo ya kawo, wani lokaci hatsin kudu mai dogon zango wanda ruwa ke ɗaukewa bai nuna ba. Ƙaramin rumbun iri na gari, mai ajiye Ankutes da waken gida dabam da hatsin ci, da ma'ajin da mutane suka zaɓa da kansu, ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Lokacin kafa shi kuwa shi ne watan Oktoba, sa'ad da dammuna ke shigowa gari, kafin ƴan kasuwa su fara awo.